An soke lasisin kamfaninmu, an ba ni kwana 60: in sayi takarda ko in nemi mafaka?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, ina arewacin Ingila tun ƙarshen 2023 da bizar aikin kula da tsofaffi. Maigidana da 'yarmu sun biyo ni, na kuma haifi namiji a nan. Kafin in taho mun biya ejan maƙudan kuɗi, sai da maigidan ya sayar da filinsa na gado, yayana ya ranta mana ragowar. Da na iso, aikin da aka ce cikakke ne bai taɓa kai rabin awannin da aka rubuta ba, albashin wata biyu ma har yau shiru. Makon jiya saƙo ya shigo mini daga Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya cewa an soke lasisin kamfanin na ɗaukar nauyin ma'aikata baƙi, an rage bizata zuwa kwana 60. Akwai wani ɗan ƙasarmu a nan da kowa ke ce wa Barista. Ya ce in kawo fam 9,000 ya samo mini sabuwar CoS, wato shaidar cewa wani kamfani ya ɗauki nauyina, in kuwa ba ni da su in ba shi fam 2,000 ya tsara mini labarin neman mafaka. Wata ƙawata kuma ta ce in kwantar da hankalina, tunda na haihu a nan ba mai korata. Lauyan gaske an ce ba a taɓa shi don tsada. Ban faɗa wa kowa a gida ba, kunya nake ji. Anti, ina zan sa kaina?

Ƙanwarki, daga Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya yaye miki wannan damuwa. Kafin komai: Baristan nan kada ki ba shi ko sisi, kada ki tura masa hoton fasfonki, kada ki ba shi lambobin shiga asusunki na biza. Zan faɗa miki dalili, amma ina so wannan ya fara zama a ranki, don na san a halin da kike ciki duk wanda ya yi magana da ƙarfin gwiwa sai ya zama kamar shi ne mafita.

Abin da ya same ki ya sami dubbai. Tun da Birtaniya ta buɗe wa masu aikin kula ƙofar wannan biza a Fabrairun 2022, kamfanonin gaske da na cuwa-cuwa suka yi ta kwaso mutane daga Najeriya, Indiya, Zimbabuwe, Gana da sauransu. Gwamnatin da kanta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula sama da 470, waɗanda suka ɗauki nauyin ma'aikata fiye da 39,000. Laifin kamfani ne aka hukunta, ke kuwa ƙura ce ta biyo ta kanki. Takardarki a yau tsaf take, ba ki karya doka ba, kina zaune bisa izini. Wannan tsabtar ita ce babbar dukiyar da ta rage miki, kuma duka tayin nan biyu na Barista ita za su cinye.

Koma ki buɗe saƙon nan na Ma'aikatar Cikin Gida, ki karanta shi a natse daga sama har ƙasa. A cikinsa akwai kwanan wata guda, ranar da izininki zai ƙare. Da wannan ranar za ki yi lissafi, ba da ranar da kika ga saƙon ba, ba kuma da ranar da aka buga a tsohon katinki ba. Ki rubuta ta da babban baƙi ki manna a jikin firij. Sannan ki shiga asusunki na biza a intanet ki duba abin da yake nunawa, ki tabbatar imel da lambar waya da adireshin da ke ciki naki ne, domin wasu ejan-ejan da nasu imel suke buɗe wa mutum asusu, wasiƙa ta zo ta wuce bai sani ba. Maigida ma ya duba nasa da na 'yarku, har akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa. Izininsu a jikin naki yake rataye.

Dokar da ta fi amfanarki yanzu tsohuwa ce, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971. Abin da ta ce shi ne, idan kika shigar da sabuwar buƙata ingantacciya kafin ranar nan ta cika, izininki yana ci gaba da rai har sai an yanke hukunci, ko da an ɗauki watanni. In kuwa ranar ta wuce ba ki shigar da komai ba, washegari kin zama mai zaman da ya wuce wa'adi: ba izinin aiki, ba izinin kama sabon gidan haya, ga tabo a fayil. Akwai ɗan sassauci na kwana 14 ga wanda wani babban uzuri da ya fi ƙarfinsa ya hana, irin kwanciya asibiti, amma ba abin dogaro ba ne. Saboda haka duk wanda ya ce miki "bari mu gani zuwa wata mai zuwa", kwanakinki yake ci.

Yanzu ga Barista. A Birtaniya ba kowa doka ta yarda ya ba da shawara kan shige da fice ba. Tun dokar 1999, laifi ne mutum ya riƙa yin wannan sana'a ba tare da rajista ba, laifin da kan kai ga ɗauri. Waɗanda aka yarda da su su ne lauyoyin da ke ƙarƙashin hukumomin lauyoyi na ƙasar, irin SRA a Ingila da Wales, sai kuma mashawartan da ke da rajista da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda kafin Janairun 2025 ake kira OISC. Ko da mutum lauya ne na gaske a Kaduna ko Legas, wannan bai ba shi izinin taɓa fayil ɗinki a Ingila ba sai yana da rajistar can. Binciken kuma ba ya cin minti biyar. Ki tambaye shi cikakken sunansa, sunan ofishinsa da lambar rajistarsa, ki ɗauki wayarki a gabansa ki shiga shafin SRA ko na IAA ki rubuta. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, sau da yawa ma lambar tana manne a ƙofar ofis da ƙasan kowace wasiƙarsa. Wanda ya ce "haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne, tambayi su wane", wanda ofishinsa WhatsApp ne, wanda yake son kuɗi a hannu ba rasit, kin riga kin sami amsarki.

Ita CoS ɗin da zai sayar miki fam 9,000, ba kayan sayarwa ba ce. Lamba ce da kamfani mai lasisi ke fitarwa a kwamfuta don shaida cewa yana da aiki na gaske kuma ke ya ɗauka. Kuɗinta fam 525 ne tun Afrilun 2025, kamfanin ne ke biya, ƙa'ida ta hana shi ɗora wa ma'aikaci. Dokar ƙasar ta kuma hana ejan karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki don ya samo masa aiki. To wace irin CoS ce ake samu da fam 9,000? Ko dai ta jabu ce, ko kuwa ta kamfanin da ba shi da aikin ba ki, wanda shi ma gobe ko jibi za a soke lasisinsa. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Bambancin kawai shi ne a karon farko an yaudare ki ne kina Zariya, a karo na biyu kuwa da saninki. Wanda aka samu da hannu a cuwa-cuwar kamfani ba a ba shi kwana 60, nan take ake soke izininsa. Wanda aka kama da takardar ƙarya ko bayanin ƙarya kuma yana iya fuskantar haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Kuma takardar neman biza ta ƙasashe da yawa tana tambaya ko an taɓa hana ka biza ko korarka a wani wuri, don haka tabon yana bin mutum har inda bai zata ba.

Maganar mafaka ita ta fi tayar mini da hankali. Mafaka haƙƙi ne na wanda ke tsoron a zalunce shi a ƙasarsa saboda addininsa, ƙabilarsa, ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko rukunin mutanen da yake ciki, kuma hukumar ƙasarsa ba za ta kare shi ba. Idan da gaske akwai abin da kike tsoro in kin koma, ki faɗa wa lauya mai rajista, kuma a nan ne ma gwamnati ke biyan kuɗin lauya ga wanda ba shi da hali, ba sai kin ba kowa fam 2,000 ba. Amma a wasiƙarki ban ga tsoro irin wannan ba. Bashi na gani, da kunya. Labarin da za a tsara miki, ke za ki zauna gaban jami'i na awanni kina maimaita shi, yana komawa baya yana tambayar rana da wuri da sunan unguwa, yana gwada shi da abin da kika rubuta lokacin neman bizarki ta farko. Barista ba zai shiga ɗakin nan da ke ba. A lokacin jiran hukunci galibi ba a yarda mai neman mafaka ya yi aiki ba, sai ya shekara yana jira kafin ya nemi izini, shi ma a ƙayyadaddun ayyuka. Ga kuma alhakin waɗanda suka tsere wa kisa da gaske, da kowane labarin ƙarya ke ƙara sa a ƙi yarda da nasu. Ko lauya mai lasisi ne ya kawo miki wannan shawara, ki tashi ki bar ofishinsa. A 2023 hukumar SRA ta rufe ofisoshin lauyoyi uku bayan wata jarida ta naɗi ma'aikatansu a asirce suna tayin ƙirƙiro labarin mafaka.

Ƙawarki da kyakkyawar niyya ta yi magana, amma dokar Amurka ta ɗauko ta kai Ingila. Tun 1 ga Janairun 1983, haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin a lokacin haihuwar. Yaron da aka haifa a can ya kuma yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a can yana da damar rajistar zama ɗan ƙasa, wanda ya shekara bakwai kuma ana duba ko ya dace a ce ya bar ƙasar. Ɗanki bai kai ko kusa ba. Ki dai tabbatar kin gaya wa lauya ko an taɓa nema masa biza tun haihuwarsa, don a sa shi cikin sabuwar buƙatar.

Hanyar da ta rage, wadda ba ta da daɗin ji amma ita ce ta gaske, ita ce samun wani kamfani mai lasisi da zai ɗauke ki aiki na haƙiƙa. A nan akwai abu biyu da ke gefenki. Tun 22 ga Yulin 2025 an rufe ɗauko sababbin masu aikin kula daga ƙasashen waje, amma waɗanda ke cikin ƙasar da wannan biza suna iya sauya kamfani, kuma gidajen kula da tsofaffi ba su daina neman hannu ba. Sannan tunda kin shigo kafin 11 ga Maris 2024, ranar da aka hana masu wannan aiki zuwa da iyali, hanin bai hau kanki ba: maigida da yara suna iya ci gaba da zama a ƙarƙashinki idan kin sauya kamfani, sai dai kowannensu sai an shigar masa da tasa buƙatar kafin wa'adinsa.

Ma'aikatar Lafiya ta kafa cibiyoyi a yankunan Ingila musamman don haɗa irinku da kamfanonin da ke neman ma'aikata, kyauta. Adireshin imel na kowane yanki yana shafin gwamnati na GOV.UK. Ki rubuta musu yau, ki haɗa da wasiƙar da aka aiko miki. Kada ki tsaya nan. A shafin dai akwai jerin duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi, ki riƙa gwada sunan kowane kamfani da shi, ki kuma duba ko yana da rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula a Ingila, domin sharaɗi ne. Ki buga takardar tarihin aikinki da takardun horon da kika yi, ki sa kaya masu kyau, ki shiga gidajen kula da ke garinku ɗaya bayan ɗaya ki nemi ganin manaja. Ki faɗa masa gaskiya a jimla biyu: kina da gogewa, kamfaninki ya rasa lasisi, kina buƙatar mai ɗaukar nauyi kafin rana kaza. In kina tuƙi ki ambata da wuri, masu aikin bi gida-gida suna neman direbobi ido rufe. In aikin ya samu a wani gari mai nisa, ki karɓa, ƙaura ta fi rasa izini sauƙi. Idan an ba ki CoS kin shigar da buƙata, kada ki fara sabon aikin sai amsa ta fito, kada kuma ki fita ƙasar kafin nan, don fita tana kashe buƙatar.

Batun tsadar lauya, akwai gaskiya a ciki. Tun 2013 aka cire yawancin shari'un shige da fice daga tallafin lauya na gwamnati a Ingila da Wales, aka bar mafaka, tsarewa, safarar mutane da cin zarafi a gidan aure. To amma tsakanin kyauta da fam dubbai akwai wuri mai faɗi. Ofisoshin Citizens Advice, cibiyoyin lauyoyi na unguwanni da ƙungiyar Work Rights Centre suna taimaka wa ma'aikata baƙi ba da kuɗi ba, in kuma kina cikin ƙungiyar ƙwadago irin UNISON ki kira su. Layi yana da tsawo, shi ya sa nake so ki kira gobe da safe, ki fara da faɗin ranar da izininki zai ƙare. Lauyoyi masu zaman kansu da yawa kuma suna da zaman shawara na awa guda a kan kuɗi ƙayyadadde, wanda bai kai ko kusa da abin da Barista ke nema ba. Mashawartan IAA mataki uku ne, ki tambayi na wane mataki ne, domin fayil mai sarƙaƙiya ya fi ƙarfin mai mataki na ɗaya.

Ki je wannan zama da jaka guda: fasfo ɗinku duka, wasiƙar rage biza, tsohuwar CoS, kwantiragin aiki, takardun albashi, bayanan banki, takardar haihuwar yaro, da duk saƙonnin da kuka yi da ejan da manajan kamfani, har na murya. Ki rubuta abin da ya faru bi da bi a shafi guda don kada awar ta ƙare a ba da labari. Kuɗin da kuka biya ejan, ki faɗa, kada ki ɓoye don tsoro. Sirrinki amana ce a wuyan lauya, kuma abin da kika ɓoye masa shi zai kayar da ke daga baya. Ki tambaye shi kai tsaye: wace hanya nake da ita, mene ne haɗarin kowacce, nawa zan biya gaba ɗaya, wa zai riƙe fayil ɗina? Ki sa ya duba ko maigida zai iya samun mai ɗaukar nauyinsa shi da kansa, ko da yake tun Yulin 2025 an ɗaga sharaɗin zuwa ayyukan matakin digiri, in ban da 'yan kaɗan. Ki tambaye shi kuma ko akwai awannin aikin da ya halatta ki yi a wannan tsakani, kafin ki karɓi ko awa ɗaya a wani wuri. Lauyan kirki zai ba ki wasiƙa a rubuce mai bayyana aikin da zai yi da kuɗinsa da inda za ki kai ƙara in bai kyauta ba. Ba zai ce miki "tabbas za a ba ki" ba, don ba shi ke bayarwa ba. Kuma kowace takarda da za a tura da sunanki, ki karanta ta layi-layi kafin a tura, domin ke za a tuhuma da abin da ke ciki.

Albashinki na wata biyu haƙƙinki ne, soke lasisi bai shafe shi ba. Hukumar ACAS, mai sasanta ma'aikata da kamfanoni, ita ake fara tuntuɓa kafin kotun ma'aikata, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce wata uku ba kwana ɗaya daga ranar da ya kamata a biya, don haka kada ki ajiye shi sai kin huta. Idan kamfanin ya taɓa riƙe fasfonki, ko ya yi miki barazanar tasa ƙeyarki gida in kin yi magana, ko ya ɗaure ki da bashi, ki kira layin taimakon waɗanda aka bautar, 08000 121 700, kyauta ne kuma a sirrance. Wanda hukuma ta amince an yi safararsa ko an bautar da shi yana da kariya ta daban, har da lauya.

Na san tukunya ba ta jiran biza. Maigida yana da izinin aiki har ranar da nasa wa'adin zai cika, ya ƙara awanni in zai iya. Aikin ɓoye na kuɗi a hannu kuwa ki guje shi, laifi ne da kan kai ga ɗaurin wata shida da ƙwace abin da aka samu, kuma zai ɓata sabuwar buƙatarki. Bizarku ta hana ku tallafin gwamnati, amma sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin taimaka wa yaron da ke cikin buƙata, ko mene ne matsayin iyayensa, kuma wannan ba ya cikin tallafin da aka hana ku. Za su bincika matsayinku a wurin Ma'aikatar Cikin Gida, shi ya sa ya fi kyau ki je tun kina da izini, bayan kin yi shawara. Makarantar 'yarki da ganin likitan unguwa ba su tsaya ba.

Saura maganar da ba kya son ji. Mai yiwuwa ki yi duk wannan, ranar ta matso, aiki bai samu ba. In haka ta faru, ina ganin komawa gida da fayil mai tsabta ya fi zama a ɓoye da yara biyu nesa ba kusa ba. Wanda ya fita kafin wa'adinsa ba shi da wani haramci, gobe yana iya neman bizar karatu ko ta wani aiki a can ko a wata ƙasa, ya amsa kowace tambaya ba gabansa na faɗuwa. Wanda ya wuce wa'adi da fiye da kwana 30 sannan ya fita da kuɗinsa, haramcin shekara guda ne. In gwamnati ce ta biya masa jirgi, shekara biyu ko biyar. In tasa ƙeyarsa aka yi, shekara 10. Ku zauna da maigida tun yanzu ku tsayar da ranar da in ta zo ba CoS a hannu za ku sayi tikiti, kuma ku sa ta da sauran kwanaki kafin wa'adi, ba daren ƙarshe ba.

Yayanki kuma ki kira shi a wannan makon. Mutumin da ya ranta miki kuɗi ya cancanci ya ji daga bakinki, kuma zai fi masa sauƙi ya ji "kamfanin ya rushe, ina neman wani" a yau, da ya ji bayan wata shida cewa an ƙara cin bashin fam 9,000 an miƙa wa ɗan damfara. Kunyar nan da kike ji ita ce jarin su Barista, da ita suke hana mutane tambaya. Ki gaya masa adadin kwanakin da suka rage da abin da kike yi a kai, ki roƙe shi ya ɗaga miki ƙafa kan bashin, ki bar shi ya zaɓi yadda za a sanar da su Mama. In tafiyar ta tabbata, ki karɓi takardar shaidar aiki daga duk wanda kika yi aiki a ƙarƙashinsa, da rahoton makarantar 'yarki, da katin rigakafin yaro, ki nema masa fasfon Najeriya tun yanzu don yana ɗaukar lokaci, ki kuma adana tikiti da katin shiga jirgi a matsayin shaidar ranar da kuka fita. Ƙarar albashinki tana iya ci gaba ko kina Zariya, muddin kin shigar da ita a kan lokaci. Allah Ya ba ki mai ɗaukar nauyi na gari kafin ranar.